Garin da Ruwa Yake Komowa

Wata la'asar a garinmu Gudel, a bakin kogi, Inna ta miƙo mini hoton da Baba, wanda ya daɗe bai komo gida ba, ya aiko daga Faransa ta hannun wani matafiyi, domin ni kaɗai nake karanta ajami a gidan. Wani ƙaramin gari ne a bakin teku, da tsohuwar ganuwa ta dutse, da jiragen masunta kwance a kan laka.

Na juya bayan hoton na karanta mata a hankali. Baba ya ce mutanen zamanin da ne suka gina ganuwar saboda mahara. Ya ce ruwan garin yakan janye sau biyu a rana, kuma ya komo.

Inna ta daɗe tana duban kogi, sannan ta ce, "Ruwa ma yana komowa. Karanto sunan garin, mu mayar masa da amsa."

Baba ya rubuta sunan yadda kunnensa ya ji. Faransawa kuwa ba sa rubuta suna yadda suke faɗarsa. Babu wanda ya gane mana shi.

Inna ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Har yau ina gwada sunan da haruffan boko a taswira, ban same shi ba.