Shafin da Ke Mutuwa da Hantsi

Kwana tara ke nan abinci ba ya wuce wa Balki maƙogwaro. Da ta kai loma baki sai ta tuna Litinin, ta ajiye. Ga Litinin ɗin ta zo har bakin ƙofa: gobe ɗanta Suma'ila zai tsaya gaban shugaban ƙungiyarsu ya ce Sani ne ya kashe musu shafi, a kori Sani daga aiki.

Sanin nan ba baƙo ba ne. Tare suka yi lakwal, wato makarantar boko, da Suma'ila, a akushi ɗaya suka ci tuwo a tsakar gidan nan na unguwar Birni a Damagaram. Inna yake ce mata. Matarsa na da ciki wata takwas.

Shekarar ce damina ta ɗauke gero bai yi ido ba. A Hamdara, inda aka haifi Balki, rumbuna sun zama ɗakin ɓeraye, mata sun koma dafa ganyen tafasa. Wata ƙaramar ƙungiya a Damagaram ta ɗauki Suma'ila ya gina mata shafi a intanet, ya zuba sunayen ƙauyuka da yawan bakunan da ke kowanne, don masu taimako na ƙasar waje su gani su aiko da hatsi. Sani ne mataimakinsa.

Gina shafin bai ba shi wuya ba. Inda za a ajiye shi ne ya hana shi sukuni. Yana cin abinci yana magana, ita tana gyaɗa kai.

"Inna, shafi kamar haja ne, sai da rumfa. Ta Turai tana da kyau, amma sai da katin banki, ni ko ba ni da shi. Ta kyauta kuma su liƙa maka tallan mata tsirara a kan hoton masu yunwa, ran da suka ga dama su share ka. Ta Yamai, ka kira sau goma ba mai ɗauka."

"To ya za ka yi?"

"A ɗakina zan ajiye. Abin da ke ɗakina idona na kansa."

Ya kawo wata tsohuwar kwamfuta, baƙin akwati mai gurnani, ya girke ta a lungu. Ya saita ta yadda in wuta ta ɗauke ta dawo, za ta tashi da kanta. Da Balki ta tambayi amfanin akwatin da ba mai kallonsa, dariya ya yi. "Bar shi kawai, Inna, ba abin da za ki gane." Ta bar tambaya.

Dama ba ta son ɗora masa kaya. Ya rame, kullum ƙarfe tara ya hau babur ya nufi ƙauyuka, sai la'asar sakaliya ya dawo. Abubuwa nawa suka lalace a gidan ba ta faɗa masa ba: famfo na ɗiga, wurin jona wuta na tsakar gida ya ƙone, ƙyauren kicin ya faɗi. Da tsadar gero ta kashe mata sana'ar fura, ta koma ƙulla ruwa da lamurje a leda, su yi sanyi a tsohon firjinta, ta sayar da la'asar. Da wannan sana'ar ce tukunya ke hawa murhu, don albashin ƙungiya sai an ga dama.

Sai ranar Laraba ta zo, ranar da masu taimakon suka zauna da rana tsaka don zaɓen inda buhunan za su tafi. Suka buɗe shafin, babu. Suka sake, babu. Ashe sati uku ke nan duk wanda ya nema da rana ba ya samu. Suka ce ƙungiyar ta bogi ce, suka ba wata jiha hatsin. Ƙauyuka goma sha ɗaya suka rasa, har da Hamdara.

Suma'ila ya zagaya maƙwabta, kowa ya ce wuta ba ta ɗauke ba. Ya binciki akwatin, ya fito tsakar gida idonsa jajur, yana karanta mata abin da ya gani.

"Tara da 'yan mintuna ya mutu, huɗu ya tashi. Kullum, Inna! Ban da Lahadi, da nake gida. Wannan hannun mutum ne. Wa ke iya shiga daga nesa ya kashe, in ba ni ba? Sani kaɗai na ba mabuɗi. Kujerata yake so."

Tun daga ranar abinci ya daina wuce mata.

Jiya Sani ya zo da hantsi, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta. "Inna, ke kika raine ni. Ki ce masa wani abu. Wallahi ko a mafarki." Ta miƙa masa ruwa a moɗa, ya kurɓa, ya ce yau ruwan Inna ba sanyi. Ya tashi ya tafi yana share ido da hula.

Yau wanta ya aiko daga Hamdara, wai sun sayar da akuyar ƙarshe, yaushe buhunan da ɗanta ya yi alkawari za su iso.

Suma'ila na ɗaki yana goge rigar da zai sa gobe. Balki na zaune a tabarma, hannuwanta a cinya, tana kallonsu kamar na wata.

Ku da kuka haifa, ku ba ta shawara. Da wane baki uwa za ta gaya wa ɗanta cewa kullum da ƙarar babur ɗinsa ta ɓace, ita ke shiga ɗakinsa ta zare wayar baƙin akwatin, ta jona firjinta?