Ruwan Rake

Babur ɗin ya mutu a tsakiyar gonar rake, ga asibitin Talata Mafara da sauran tafiya. Mai ne ya ƙare. Mutumin da ke tuƙa shi ya kwance rawanin da ya goya ɗiyarsa da shi, ya kwantar da ita a gefen hanya. Tun jiya take amai da gudawa, bayan ta sha daga kududdufin da kamfanin rake ke zubar da dagwalonsa a ciki.

"Baba, ƙishirwa nika ji," ta ce.

Ya duba gabas da yamma. Nan ce fadamar da ya girma yana kamun tarwaɗa a cikinta, inda shanu ke shan ruwa har tsakiyar bazara. Kamfani ya karɓe ta, ya zuƙe ruwan, ya shuka raken da ake tacewa a yi man mota.

Ya durƙusa ya tona ƙasa har faratansa suka yi jini. Ko danshi babu.

Sai ya karya rake, ya murɗe shi a kan leɓenta.

"Kai, ɓarawo!" mai gadin gonar ya kwatsa masa tsawa daga nesa.

Bai waiwaya ba. Ya zuba ido yana kallon ruwan raken yana gangarowa ta gefen bakinta. Ba ta haɗiye ba.