Layin da Zakka Kaɗai Ke Gani

"Sake gwadawa," in ji shugaban kwamitin bincike.

Zakka ya kunna na'urar awon. A kundin digirinsa ya rubuta cewa ƙwayoyin lantarkin da ke cikin wani siririn ƙarfe suna kwasar zafi ne gwargwadon ɓangaren da suke juyawa. Amma ban da shi, babu wanda ya taɓa ganin layin shaidar ya ɗaga a allo. Yau ma ko motsi. Zufa ta keto masa. Kora ce ke jiransa, ga tambarin maƙaryaci.

Sai aka kira sallar Juma'a. Malamai suka kashe fankoki da na'urorin sanyaya ɗaki, kowa ya ɗauki wayarsa, suka nufi cikin Wudil. Aka bar Dakta Radiyya, ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, ta tsare shi.

Ginin ya yi tsit. Layin ya fara hawa.

Ta zuba masa ido. "Zakka, yaushe ka saba yin awon nan?"

"Lokacin Juma'a, ranki ya daɗe. Sannan ne kawai ake bar mini na'urar."

Ta dafe kai. "Innalillahi! Wata shida muna tuhumarka, ashe kayan wutarmu ne ke danne gaskiyarka."