Tsakuwar da ke Cikin Tambaya

Kai da kake cewa shekaru sun ja, kai ya toshe, wai jarrabawa ta yara ce, gyara zama ka ji misalin wata mai ginin tukwane, in ya so ka sake shawara.

Matar nan ta gama sakandare da jimawa, aure da 'ya'ya da yumɓu suka cinye mata shekara ashirin. Rana tsaka ta ce ita fa sai ta shiga kwalejin horar da malamai, don ta gaji da ganin makarantar ƙauyensu babu malama mace ko ɗaya. Ta zauna jarrabawar shiga, ta faɗi. Ta sake, ta kuma faɗuwa. Mijinta, wanda ba ya magana biyu, ya ce ta uku ita ce ta ƙarshe, in ba ta ci ba a binne zancen. To, akwai ƙanin mijin nan nata, saurayi mai kaifin ƙwaƙwalwa da kaifin baki, wanda shi ma a shekarar zai zauna jarrabawar. Ka san wasan da ke tsakanin mace da ƙanin miji. Shi kam ya wuce gona da iri. Ya laƙaba mata Malama Mai Laka har unguwa ta ɗauka, in kuwa ya tarar tana karatu sai ya ce jama'a a karɓe littafin nan kafin ta kwaɓa shi ya koma kasko. Takan yi dariya ta rama, amma wallahi abin yana ci mata rai.

Abin da ya fi ƙona ta shi ne ta san ba daƙiƙiya ba ce. A ba ta labari ta karanta, sai ta mayar maka da shi daga kai har wutsiya. Nahawu ta sha shi. Amma duk ranar da ta gwada tsofaffin tambayoyi ta duba amsa, sai ta ga kusan rabi sun zube, ta rasa ta ina ruwan yake shiga.

Ana nan wata safiya ta buɗe wutar gashin tukwane, ta tarar babbar randar da ta yi kwana huɗu tana ginawa ta tsage gida biyu. Ta ɗauki tsingaron tana juyawa cikin takaici, sai ga mai laifin: tsakuwa guda, ba ta fi ƙwayar dawa ba, wadda ta kuɓuce mata wajen tsintar yumɓu. Ta daɗe tana kallonta a tafin hannu. Ko hannu ba ta wanke ba ta jawo takardar gwajin da ta faɗi jiya, ta bi tambayar da yatsa a hankali, yadda take laluben yumɓu. Tambayar ta ce duk waɗannan abubuwa marubucin ya ambata, banda ɗaya. Banda! Ita kuwa tana ganin amsar farko gaskiya ce ta cafke ta wuce. Ta duba ta gaba, can ma wata 'yar "ba" ce ta laɓe a tsakiya. Wata "sai dai", wata "kaɗai". Ashe shekara biyu ƙananan kalmomin da take tsallakewa don gaggawa su ke fasa mata randa. Ta ji kunya, ta ji haushi, sannan ta ji wani irin ƙarfi ya zo mata.

Daga ranar, duk tsakuwar da ta tsince a yumɓu ba ta zubarwa. Tana tara su a kasko, in ta zauna karatu, kafin ta amsa ko wace tambaya, da Hausa ta zo ko da Turanci, sai ta nemo 'yar kalmar ta ɗora mata tsakuwa a kai. Da yake ba ta da mugunta, har ta kira ƙanin mijin ta nuna masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi da ya haddace littattafai ba za a koya masa karatu da tsakuwa ba, ya kuma bi gari yana cewa Malama Mai Laka ta koma duba. Ta ce ya je, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ranar jarrabawa ba a shiga da tsakuwa, amma yatsanta ya riga ya saba. Ƙanin mijin ya riga kowa fita, ita ce ta kusan ƙarshe. A hanyar gida yana ta cika baki, wai tambayoyin ruwa ne, kowacce amsarta ta farko ce ko ta biyu. Ta bari ya gama, sannan ta tambaye shi "banda" nawa ya gani. Ya ce wace banda kuma, shi bai ga ko ɗaya ba.

"Bakwai na ƙirga," in ji ta.

Da aka kafe sunayen waɗanda suka ci, sau uku yana bin takardar daga sama har ƙasa. Nasa babu, nata kuwa ga shi nan ɓaro-ɓaro a layi na tara. Ba ta yi masa guɗa a ka ba. Ta dai kwance bakin zanenta, ta ciro tsakuwar nan ta farko, ta sa masa a hannu.

"Riƙe, mijina na wasa. Baɗi za ta yi maka rana."

Kalmar da ya raina ta kayar da shi, matar da ya raina ta wuce ta bar shi a ƙofa. Saboda haka ɗauki littafinka ka bar masu dariya su yi ta yi. Hausawa sun gama magana: ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.