Darasi na Goma

Sau uku Sha'aibu ya je gidan waya a makon nan, sau uku Eugene mai raba wasiƙu yana girgiza masa kai ba tare da ya ɗago ba.

Shekarar 1978 ce. An karɓe wa garin sunan Abuja an ba dajin da za a gina sabon birni, mutane suna ta tuntuɓe da kalmar Suleja. Sha'aibu akawun masu awon filin ne, yana haya a unguwar Wambai, kuma ban da mai shayi ba wanda ya san sunansa a unguwar. Abin da ya riƙe shi kawai karatun kwamfuta ne ta wasiƙa, daga wata makaranta a Ingila. Bai taɓa ganin injin da idonsa ba. A takarda mai gida-gida yake rubuta umarnin da ake ba injin, ya aika, a duba a dawo masa.

Darasi uku na farko maki kawai aka sa masa, ba ko sannu. Daga na huɗu malamin da ke duba aikin ya sake hali. Amsa ta riƙa zuwa da wuri, takardun darasin da alamar fensirin da aka goge, wani lokaci har da dangwalen tawada a gefe. Amma bayani kam sai wanda ya gani. Wasiƙar da ta shiga buhu a ƙarshe ita ke fara fitowa, in ji shi, haka tulin bayanai yake. In za ka jera abu dubu, raba biyu, jera kowanne, sannan ka haɗe. A sarƙar bayanai kuwa kowane gida yana riƙe da adireshin na gaba, in ɗaya ya ɓace duk na bayansa sun tafi.

Sha'aibu ya fara ƙara 'yan layuka a ƙasan aikinsa, yana faɗin kaɗaicin da ke cinsa. Amsa ta zo a gajarce: "Ni ma baƙo ne inda nake." Ya karanta ta har takardar ta yage a wurin ninki.

Darasi na goma ne ya ƙi zuwa, kuma shi ke ɗauke da jarrabawa da takardar shaida. Ƙarshen wata ofis zai tura mutum ɗaya Legas ya koyi aiki da injin, ba kuma za a dubi mai hannu wofi ba. Sha'aibu ya ɗora laifin a kan sauya sunan gari. Ya rubuta ƙorafi, ya sa Abuja da Suleja duka a bayan ambulan. Shiru.

Saura kwana biyu wata ya ƙare, Sha'aibu ya dafa kantar gidan waya da safe.

"Oga Eugene, don Allah sake duba buhun nan."

Eugene ya jima yana kallon babban yatsansa da ya rine da tawadar hatimi. Sai ya jawo aljihun tebur, ya jera ambulan shida a kanta, daga na huɗu zuwa na tara. Rubutun Sha'aibu ne a kansu, kowanne da hatimin Ingila: a mayar wa mai shi, makaranta ta rufe.

"Yi haƙuri, malam," in ji Eugene a hankali. "Ba ni da na goma da zan ba ka. Takardun darussana nake gogewa ina aiko maka. Ni ma ina na tara suka rufe."