Baƙin Garin da ke Kwabar Dikko

Matan unguwar Al Nahda sun ce Dikko, ma'aikaci a filin koyon harbi, yana kwaso kwanson harsashi gida yana ɗura masa albarushi, wai na sayarwa ya yi tsada. A Dubai kuwa wannan sai kurkuku.

Mahaifiyarsa Hajiya Ummulkhair, tsohuwar malamar kimiyya, ba ta cin maganar "an ce". Tana ganin ya fita aiki, matarsa ta shiga kicin, ta buɗe kwabarsa. Ga ƙananan bututun tagulla jere reras, ga mazurari, ga kwalba cike da baƙin gari.

Ita da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana cewa ɗalibai su gwada kafin su yarda, sai ga ta ta juye kwalbar a masai ta kora ruwa. Bayan nan ne ta tuna da gwaji. Ta karkaɗe ɗan ragowar a faranti, ta ƙyasta ashana. Ko tartsatsi bai yi ba.

"Mama, ba ki ga kwalbar nan da na ajiye a kwabar Dikko ba?" surukarta Khadijatu ta leƙo. "Wata guda ina niƙa, wallahi hannuna har ya yi kanta. Yau zan ɗura, gobe a raba wa 'yan bikin autarki."

Hajiya ta sunkuyar da kai, ashanar na cin yatsanta.

Bututun daga kasuwar Deira aka sayo su. Garin kuma kwalli ne, irin wanda ke idonta tun safe.