Wurin da ke Bayan Tudun Yashi

Narelle tana tsugune a gareji tana warware igiyoyin tanti sai ta ji ƙarar tsohuwar motar mahaifinta a ƙofar gida. Kafin ya kashe inji ta cusa tantin ƙarƙashin tebur, ta ja wani bargo ta lulluɓe. Mace da 'ya'yanta biyu, ga ta tana ɓoye kaya kamar yarinyar da ta fasa kofin baƙi.

Tun tana 'yar ƙarama iyalinsu a gandun shaƙatawa na bakin teku suke yin Kirsimeti, wanda a ƙasarsu lokacin zafi yake faɗowa. Wurin kafa tanti a tsakiyar zafi ba ya samuwa sai da ƙuri'a, kuma tun rasuwar mahaifiyarta, Narelle ta karɓe ragamar shiga ƙuri'ar, tana alfahari da hakan. Bana ƙuri'a ta ƙi ta. Ta kira Merv, mahaifin nata, ta gaya masa, kuma ranar gaskiya ta faɗa.

Bayan 'yan kwanaki aka kira ta daga ofishin gandun. Wani ya janye, wurin ya zama nata. Wurin ma ba na banza ba ne, wanda ke bayan tudun yashi ne, inda iskar teku ba ta tumɓuke tanti.

Ta ɗauki waya za ta kira tsohon, mijinta Trent ya dafa hannunta.

"Tuna bara dai," in ji shi. "Hutu za mu, ko jinya?"

Ta tuna sarai. Merv ya zame a kan duwatsu garin kamun kifi, rabin hutun ya ƙare a asibiti. Ga munsharinsa, ga labarin marigayiya da yake maimaitawa har yara sun haddace. Ta ajiye wayar. Kada a ɗora wa Trent laifin duka, da hannunta ta ajiye.

Yanzu ga Merv a bakin gareji, ya yi aski, yana juya malafarsa a hannu.

"Nel, 'yar Baba, babu wani labari?"

"Labarin me, Baba?"

"Daga gandu mana. Ai wani lokaci mutane kan janye."

"Shiru kake ji. Bana gidan su Trent za mu."

"Ko waya ba su yi ba?"

"Haba Baba, da sun yi ai kai zan fara kira."

Ya ɗan tsaya yana kallonta, sannan ya gyaɗa kai. Ya koma mota ya ɗauko buhun dogayen turakunsa na kafa tanti a yashi, waɗanda ko aro ba ya bayarwa.

"Ajiye a wurinki, garejina ya cika," ya ce. Ko shayi bai tsaya sha ba.

Daga nan ƙarya ta fara haihuwa. Sai da aka ja kunnen yara kada su sa hoto a waya, kada su yi suɓul da baka. Ƙaramar, Tamsin, ta tambaya ko Kaka wani laifi ya yi, Narelle ta daka mata tsawa, sannan ita uwar ta shige bayi ta zauna tana jin kunyar kanta. Duk lokacin da waya ta yi ƙara sai ta fara duba ko mahaifinta ne. Abu ɗaya take roƙo, kada tsohon ya taɓa sani. Amma Merv bai sake tambaya ba, kuma wannan ya kwantar mata da hankali.

Ranar tafiya suka zagaye ta hanyar bayan gari don kada su bi ta layin Merv. Sai da ƙamshin teku ya shigo mota Narelle ta saki ajiyar zuciya. Ta tsallake.

A ƙofar gandun wata ma'aikaciya mai furfura ta fito daga rumfa, wadda ta san su shekara da shekaru. Ta leƙa gaba, ta leƙa baya inda yara suke matse tsakanin kaya, ta sake dubawa.

"Ina tsohon rigima? Ko a bayanku yake da tasa akwalar?"

Narelle ta kawar da kai. "Ba ya jin daɗi ne."

"Ayya, Merv!" Matar ta girgiza kai tana ɗaga shingen. "Shi da ya tuƙo har nan ya janye ƙuri'ar da ya ci, ya ce a sa sunanki kuma kada a gaya miki, wai so yake ya ji muryarki in kin kira shi da albishir."